Inshorar Dole Ga Mai Bindiga: Wa Zai Duba Takardar?

A ranar 25 ga Janairun 2022 majalisar birnin San Jose da ke jihar Kalifoniya ta kaɗa ƙuri'a a kan abin da babu garin da ya taɓa yin sa a Amurka. Duk wanda ke ajiye da bindiga a birnin, wajibi ne ya mallaki inshorar da za ta biya diyya idan bindigar ta yi ɓarna bisa kuskure, sannan ya riƙa ba da dala 25 duk shekara ga wata ƙungiyar agaji da za a zaɓa don aikin rage asarar rayuka. Magajin garin na lokacin, Sam Liccardo, tun 2019 ya fara kawo maganar, bayan wani matashi ya buɗe wuta a bikin tafarnuwa na garin Gilroy da ke kusa da su, ya kashe mutum 3. Magana ta yi ta jan ƙafa har watan Mayun 2021, lokacin da wani ma'aikacin jiragen ƙasa na cikin birnin ya shiga wurin aiki da sassafe ya harbe abokan aikinsa 9. Daga nan kowa ya ce ai sai an yi wani abu, aka kuwa yi doka.

Ni dai ina tare da masu cewa mai bindiga ya ɗauki inshora. Inda muka raba hanya da su shi ne dalilin da suke bayarwa da kuma yadda suka bar dokar ba mai tsaron ƙofarta. An tallata ta a matsayin maganin kashe-kashe, alhali ba aikinta ba ne. An kuma rubuta ta yadda mai bin doka ne kaɗai zai ji nauyinta.

Dalilin da ya sa nake goyon baya ba shi da wuyar fahimta. Idan harsashi ya shiga cikin mutum, akwai mai biyan kuɗin. Motar asibiti, tiyata, jini, keken guragu, watannin da magidanci zai kwanta ba ya neman abinci, duk ba daga sama suke faɗowa ba. Ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya fitar da rahoto a 2021 cewa jinyar farko kaɗai ta waɗanda aka harba tana cin sama da dala biliyan 1 a shekara, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 na kuɗin daga asusun gwamnati yake fitowa. Wato tsohuwar da ba ta taɓa riƙe bindiga ba tana biya ta hanyar haraji, shi kuwa wanda ya bar tasa a ɗane a kan tebur har yaro ya ɗauka, wani lokaci ko sisi ba a samu a wurinsa, domin ba shi da abin da kotu za ta kama. Wanda ya shigo da abu mai haɗari cikin jama'a, shi ya kamata ya fara ɗaukar nauyin haɗarin. Wannan ba ƙin bindiga ba ne. Haka ake yi wa mai mota da ɗan kwangilar gini da likita.

To amma a duba me inshora take biya. Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka sun nuna mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a ƙasar a 2021. Daga ciki 26,328 su suka kashe kansu. Wasu 20,958 kashe su aka yi. Waɗanda suka mutu ta hanyar kuskure, irin a ce ana goge bindiga ta tashi, ko yaro ya ja kunama, ko mafarauci ya hango motsi ya zaci barewa ce, mutum 549 ne. Kaɗan ya haura kashi 1 cikin 100. Kamfanin inshora kuwa ba ya biyan abin da mutum ya aikata da gangan, kuma ba rowa ce ta hana shi ba. A jihohi da dama doka ce ta hana, Kalifoniya na ciki, saboda ba a yarda mutum ya biya kuɗi yau don a ɗauke masa alhakin laifin da ya shirya aikatawa gobe ba. Saboda haka kashe-kashen nan biyu da suka haifi dokar San Jose, na Gilroy da na ma'aikatar jiragen ƙasa, ko da maharan suna da takardar inshora a aljihu, iyalan mamatan ba za su ga ko dala ɗaya daga kamfani ba.

Mu da muka tashi da karatun fiƙihu, wannan iyaka ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya a kan kisan kuskure, malamai kuma suka bayyana cewa ba a kan wuyan wanda ya yi kuskuren kaɗai take ba. Aƙilarsa ce ke ɗauka, wato danginsa maza ta wajen uba, a raba musu raƙuma 100 ko dinari 1,000, su biya cikin shekara 3, kowa daidai ƙarfinsa. A zamanin Sayyidina Umar ma an mayar da nauyin kan waɗanda suke rajista ɗaya da mutum a diwani, ko da ba jini ya haɗa su ba. Amma aƙila ba ta ɗaukar kisan ganganci. Wanda ya yi niyya ya kashe, shi da dukiyarsa da wuyansa. Hikimar a fili take: ana so iyalan mamaci su samu haƙƙinsu ko da mai kuskuren talaka ne, ana kuma so dangi su sa ido a kan ɗansu mai sakaci tunda aljihunsu ne zai ji a jika, amma ba a so tallafin ya zama lasisin zubar da jini. Ba wanda ya taɓa cewa aƙila ce za ta hana fashi da makami. An san aikinta, an bar ta a kansa. Da 'yan majalisar San Jose sun tsaya a nan, suka ce ga abin da inshora za ta iya, ga wanda ba za ta iya ba, da sun rage wa kansu surutu.

Akwai ma wani abin dariya a gefe. Lokacin da ƙungiyar masu bindiga ta NRA ta fito da tata inshorar mai suna Carry Guard a 2017, wadda ke biya wa mutum kuɗin lauya idan ya harbi wani ya ce kare kansa ya yi, masu adawa da bindiga ne suka yi ca, suka raɗa mata inshorar kisan kai. A 2018 hukumar kula da harkokin kuɗi ta jihar New York ta ci tarar kamfanin dillancin inshora na Lockton dala miliyan 7, ta ci kamfanin inshora na Chubb miliyan 1.3 saboda hannunsu a ciki. Ɓangaren da ya rufe waccan ƙofa shi ne yau yake neman a tilasta inshora. Ba na cewa sun yi kuskure a na farkon. Ina cewa su da kansu sun tabbatar da cewa inshora ba za ta taɓa shiga inda mafi yawan gawarwakin suke ba.

Duk da haka kada a raina kashi ɗayan nan. A cikin waɗanda suka ji rauni ba su mutu ba, rabon kuskure ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma akwai yara da yawa a ciki. Tun daga 2020 bindiga ta sha gaban haɗarin mota a jerin abin da ke kashe yara da matasa a Amurka. A Janairun 2023, a garin Newport News na jihar Virginia, yaro ɗan shekara 6 ya sako bindigar uwarsa a jakar makaranta, ya harbi malamarsa a cikin aji. Harsashin ya ratsa hannunta ya shiga ƙirji. A jihar Michigan kuma, iyayen yaron da ya kashe ɗalibai 4 a makarantar Oxford a 2021, kotu ta same su da laifi a 2024 ta ɗaure kowannensu shekara 10 zuwa 15, domin su suka saya masa bindigar suka kuma bar ta inda hannunsa zai kai. Ga wurin da inshora za ta yi amfani: ba a kan wanda ya ja kunama ba, a kan babban da ya yi sakacin ajiya. Ɗaurin iyaye ya huce wa wasu haushi, amma bai biya wa kowa kuɗin asibiti ba.

Masu dokar suna da wata hujja da suke ji da ita. Sun ce kamfanonin inshora za su gyara halin mutane yadda suka gyara tuƙi: mai akwatin ƙarfe na ajiye bindiga a rage masa kuɗi, wanda ya yi horo a rage masa, mai sakaci a tsawwala masa. A takarda maganar ta yi kyau. A aikace, birnin San Jose ya ce inshorar gida ko ta ɗan haya da mutum yake da ita ta wadatar, muddin ba ta cire haɗarin bindiga ba, kuma galibinsu ba su cire ba. Dokar ba ta ma yanka adadin da inshorar za ta kai ba. Ka ga ke nan mafi yawan masu gidaje sun cika sharaɗi tun kafin a rubuta shi. Kamfani bai tambaye su bindiga nawa ce a gidan ba, bai tambayi inda ake ajiye ta ba, kuɗin da suke biya bai motsa ba. Ta ina halin zai gyaru?

Babbar matsalar dai ita ce dubawa. Yadda San Jose ta tsara, mai bindiga zai cike fom da hannunsa ya rubuta sunan kamfanin inshorarsa da lambar takardar, ya ajiye fom ɗin tare da bindigar. Ba ya kai wa kowa. Ba ofishin da ke karɓa. 'Yan sanda ba za su bi gida-gida ba, hukumomin birnin da kansu suka faɗa. Sai in wani dalili ya haɗa ɗan sanda da mutumin, ya ga bindiga, ya tambaya, sannan in babu a ci shi tara, daga dala 250 zuwa 1,000. An kuma ɗauke wa 'yan sanda da masu lasisin yawo da bindiga a ɓoye da marasa ƙarfi. A garin da aka ƙiyasta gidaje kusan 50,000 suna da bindiga, yaushe ne ɗan sanda ke ganin ta cikin ɗaki? Sai bayan ta tashi. A lokacin kuwa tarar dala 250 ba ta ɗinke kowa.

Ana yawan kawo misalin mota, tunda jihar Massachusetts ta tilasta inshorar mota tun 1927, yau kuma kusan duk jihohi sun bi sahu. Amma mota a titi take yawo, da lamba a bayanta, da sunan mai ita a kwamfutar gwamnati, da takardun da ake sabuntawa. Da duk wannan, kusan direba 1 cikin 7 a Amurka ba shi da inshora. Bindiga kuwa a aljihun tebur take kwana, ba ta tsufa da wuri, ta kaka tana aiki a hannun jika. Ƙiyasin da cibiyar Small Arms Survey ta fitar a 2018 ya ce akwai bindigogi miliyan 393 a hannun farar hula a Amurka, sun fi mutanen ƙasar yawa. Wata dokar tarayya ta 1986 ta haramta wa gwamnati buɗe rajistar masu bindiga ta ƙasa baki ɗaya, hatta bayanan binciken da ake yi wa mai saye, in ya tsallake, cikin awa 24 ake goge su. Ta yaya za ka tilasta inshora a kan abin da ka rantse ba za ka ƙirga ba?

Mai karatu a Kano ko Kaduna ya san ƙarshen irin wannan labari. Inshorar mota ta kare wanda aka buge tana cikin dokar Najeriya tun 1945. A farkon 2023 hukumar kula da inshora ta NAICOM ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000, aka ce za ta biya ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. A Fabrairun 2025 rundunar 'yan sanda ta ce ta fara kama marasa ita. Amma a tsaya a bakin titi ranar da aka yi karo a gani. Direbobi biyu sun fito, jama'a sun kewaye su, ana ta "a yi haƙuri, tsautsayi ne," wani dattijo ya shiga tsakani, a ƙarshe a tafi garejin mai gyara a yi ciniki. Ba ka jin wanda ya ce a kira kamfanin inshora. Takardar tana cikin mota a ninke tare da sauran, an saye ta ne don shingen bincike, wata ma ɗan kamasho ne ya buga ta a bayan ofis. Doka ta cika shekara 80, mutane sun biya, wanda aka buge bai amfana ba. Fom ɗin San Jose hanyar nan ya kama.

Inda abin yake aiki, ba a bar shi ga ganin damar mutum ba. A Jamus ba a ba ka lasisin farauta sai ka ajiye shaidar inshora a gaban ma'aikaci, wadda za ta biya aƙalla yuro 500,000 idan an ji wa mutum rauni da 50,000 na dukiya. Lasisin shekara 1 zuwa 3 yake yi, ranar sabuntawa a sake tambayar ka. Mai neman izinin yawo da bindiga a bainar jama'a, tasa sai ta kai yuro miliyan 1. Bayan harbin makarantar Winnenden a 2009, inda yaro ya ɗauki bindigar ubansa da ba a kulle ba, aka ba hukuma ikon zuwa gida ta duba ma'ajiya, a 2013 kuma aka buɗe rajistar makamai ta ƙasa. Inshorar Jamus ba ita kaɗai take tsaye ba, jingine take da lasisi da rajista da mai dubawa. Amurkawa sun ɗauko rufin sun bar ginshiƙan.

Na san amsar masu bindiga, kuma ba duka ce ta banza ba. Suna cewa tuƙi alfarma ce da gwamnati ke bayarwa, riƙe makami kuwa haƙƙi ne da gyara na biyu na kundin tsarin mulki ya tabbatar tun 1791, ba a sa wa haƙƙi kuɗin shiga, kamar yadda aka soke harajin kaɗa ƙuri'a. A Yunin 2022 Kotun Ƙoli, a shari'ar Bruen, ta ce duk dokar bindiga sai an samo mata makamanciya a tarihin ƙasar. Sai alƙalai suka koma tonon tsofaffin littattafai. Akwai dokoki na ƙarni na 19, irin ta Massachusetts ta 1836, da suka ce wanda aka kai ƙararsa cewa ana tsoron makaminsa sai ya ajiye kuɗin jingina. Mai shari'a Beth Labson Freeman ta ga kama tsakaninsu da dokar San Jose, a 2023 ta kori ƙarar masu adawa. A shekarar dai, mai shari'a Renée Marie Bumb ta duba irin waɗannan tsofaffin dokoki ta ce ba su yi kama ba, ta dakatar da sharaɗin jihar New Jersey na inshorar dala 300,000 ga mai yawo da ƙaramar bindiga. Tarihi ɗaya, hukunci biyu.

Hujjarsu da ta fi taɓa ni ita ce ta talaka. Kamfanonin inshora da unguwa suke yanka farashi. Matar da ke zaune a unguwar da ake harbe-harbe, wadda ta sayi bindiga don tsohon mijinta yana mata barazana, ita za a fi tsawwala wa, ita kuma ɗan sanda ya fi tsayarwa a hanya. Attajirin da ke bayan gari da bindigogi 20 ba mai ƙwanƙwasa masa ƙofa. Wannan gaskiya ce. Sai dai maganinta a yanka farashi ɗaya mai sauƙi ga kowa, a tallafa wa marar ƙarfi, ba a bar maƙwabcinta da harsashi ya ratsa bango ya same shi hannu rabbana ba. Shi ma talaka ne.

Da za a tambaye ni, ba a hannun birni ya kamata aikin nan ya kasance ba, kuma ba a kan titi za a duba shi ba. A kantin sayarwa za a duba. Kalifoniya ta riga ta wajabta cewa kusan duk cinikin bindiga, har na tsakanin mutum da mutum, sai ya bi ta hannun dillali mai lasisi, a jira kwana 10, a shigar da bayanai. A wannan teburin za a ce kawo shaidar inshora, in babu ba a miƙa kaya. Inshorar ta bi bindigar, alhakin ya zauna a kan wanda sunansa ke rubuce har sai ya sayar ta hanyar doka ko ya kai rahoton sata a kan lokaci. A yanka mafi ƙarancin abin da za ta biya. A rubuta ƙarara cewa ta haɗa da ɓarnar da yaro ko baƙo ya yi da bindigar da aka bari a sake. Ranar da kamfani ya san miliyoyi za su fita daga asusunsa saboda bindigar da ke ƙarƙashin matashin kai, ba sai an roƙe shi ba zai fara tambayar ina akwatin ƙarfe. Mun ga alama a 2022, lokacin da iyalan wasu daga cikin waɗanda aka kashe a makarantar Sandy Hook suka karɓi dala miliyan 73 a ƙarar da suka kai kamfanin ƙera bindiga na Remington. Kamfanin ya riga ya karye, masu inshorarsa ne suka biya.

Sauran dubban da aka harba da gangan, su asusu na daban suke buƙata. Tun 1937 gwamnatin tarayyar Amurka take tura harajin dogayen bindigogi da harsasai, wanda daga baya ya kai kashi 11 cikin 100, zuwa kula da namun daji. In ana iya karɓar kuɗin don barewa da agwagwar ruwa, ban ga abin da zai hana a karɓa don yaron da ya rasa ƙafa ba. Kalifoniya ta ƙara nata kashi 11 daga Yulin 2024 don ayyukan hana tashin hankali.

Wani zai ce mu ma a kawo mana dokar nan. Ban ga ta inda za ta shiga ba tukuna. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta riga ta sa lasisi a hannun shugaban ƙasa da sufeton 'yan sanda da kwamishinoni, masu lasisin kuwa ba su ne ke tare hanyar Birnin Gwari ba. Inda maganar za ta iya tasowa shi ne wurin 'yan sa-kai da rundunonin tsaron al'umma da jihohi irin Katsina da Zamfara suka kafa suka ba su makamai. Waɗannan an san sunayensu, an san mai biyan su alawus, an san wanda ya miƙa musu bindigar. Idan ɗayansu ya harbi manomi yana dawowa daga gona bisa kuskure, ya kamata tun kafin ranar a san asusun da diyyar za ta fito, ko ta inshorar Musulunci ta takaful ko ta baitulmalin jiha, a kuma rubuta shi a cikin dokar da ta kafa rundunar.